Jiya Aka Kai Ta Yaye

Tambaya ɗaya Agathe take yi kowace safiya, tun ba ta wanke ido ba. Takan fito daga ɗaki da farin zanen goyo a hannu, ta leƙa bayan rumbu, ta leƙa madafa, sannan ta tsaya a tsakar gida tana waige-waige.

"Yaya, ina Colette?"

Hélène, yayar mijinta, ko ɗago kai ba ta yi daga surfen da take yi. "An kai ta yaye Dumega, wurin Inna. Kin mance?"

"Yaushe?"

"Jiya-jiyan nan. Kwana bakwai a maido maki ɗiyarki."

Sai Agathe ta ce to, ta ninke zanen ta mayar ɗaki. Me za ta ce? Yaye ba baƙon abu ba ne. Yaro ya isa barin nono, a kai shi wurin kakarsa ya yi kukansa ya gama, bayan mako guda a dawo da shi ga uwarsa. Ita ma haka aka yi mata. Abin da ba ta sani ba shi ne, wannan jiya ta bakin Hélène ta fi wata biyu ana faɗa mata ita, kullum da safe, a gindin turmin nan.

Baƙon dauro ne mafari. Ya shigo Dogon Dutsi da bazara, shekara uku bayan an sauke tutar Faransa, ya bi gida-gida yana kwasar yara. Colette ta kwanta ta tashi. Agathe kuwa, da ba ta taɓa yin sa tana ƙarama ba, ta ɗauka wurin jinyar ɗiyar, nata kuma bai tsaya a fata ba, ya hau kai. Mompera, limamin majami'arsu, shi ya sa ta a motar mishan zuwa Yamai tana sanƙarewa. Kwana ashirin da uku ta yi a ɗakin da ake ajiye waɗanda ba a san ko za su wayi gari ba, roba a hanci, roba a hannu, an ɗaure mata hannuwa a ƙarfen gado don kada ta fizge. Ta farka. Ta dawo gida da ƙafafunta. Mijinta Félix, malamin lakkol, wato makarantar boko, da kowa ke kira Metir, ya yanka rago, ya tsaya a gaban jama'a ranar Lahadi ya ce Ubangiji ya maido masa da matarsa garau, ko ƙwarzane babu.

Garau ɗin nan ce ta cuce ta. Jiki dai ya warke, amma kai bai dawo daidai ba. Abin da ta sani tun da can yana nan daram: waƙoƙin majami'a, karatu da rubutun da matan mishan suka koya mata, tuƙin tuwon hatsi. Abin da ya faru jiya ne ba ya zama. Sai ta sa gishiri a miya sau uku. Ta gaishe ka da safe, ka juya ka dawo, ta sake gaishe ka da fara'arta. Wani lokaci tana zaune lafiya lau sai hawaye, ka tambaye ta dalili, ita ma ba ta sani ba. Likitan Yamai ya gaya wa Félix haka za a yi fama, har ya rubuta masa a takarda: a bar ta ta huta, a riƙa maimaita mata magana ba da tsawa ba, kada a raba ta da waɗanda ta saba da su, a komo da ita bayan wata uku. Félix ya ninke takardar ya cusa a wani littafin Faransanci, can ta tsufa. Mutumin da ya yanka rago ya ce an warke, da wane ido zai nemi izinin darakta ya ce zai mayar da matarsa Yamai don kanta ya taɓu? Ga 'yan bori na unguwa, da tun farko suka ce doguwa ce ta shafe ta, sun kasa kunne suna jira.

Rannan Agathe ta je rijiya, ta sauke Colette a inuwa don ta ɗora tulu, ta ɗora, ta kamo hanyar gida ita kaɗai. Hure, Bafulatanar da ke kawo masu nono kowane hantsi, ita ta tsinci yarinyar tana cin ƙasa, ta goyo ta ta kawo. Babu abin da ya sami Colette. Ba na musu, Agathe tana bukatar mai sa mata ido, don haka ma aka ɗauko Hélène, wadda mijinta ya rasu, ta zauna da su. Amma sa wa mutum biyu ido aiki ne, raba su kuwa tafiyar yini ɗaya ce. Cikin makon nan Félix ya ce ai Colette ta isa yaye, aka sa ta a mota. Tun daga ranar aka hana Agathe taka ƙofar gida.

Jikinta ne ya fara ba ta labari. Wata rana Félix ya dawo daga lakkol cin abincin rana, ta ajiye masa akushi, ta durƙusa ba ta tashi ba.

"Metir, wani abu na damuna."

"Ina jin ki."

"In jiya aka tahi da Colette, da yanzu nonona ya cika har yana yi mani zogi. Ga shi ya bushe ƙamas. Ko ɗigo babu."

Félix ya tsaya da lomar a hannu. Ba mugu ba ne irin wanda ake nunawa da yatsa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ya dubi ƙofar madafa, inda Hélène ta leƙo.

"Ciwon ne ya busar da shi," in ji Hélène. "Tun Yamai ba ki da nono. Ke dai komi sai kin mance."

"Haka ne," in ji Félix. Ya kai lomar baki.

Agathe ta dubi ƙirjinta, kunya ta kama ta. Tana jin a jikinta cewa bayan dawowarta yarinyar ta koma ta kama nono, har ruwan ya sake zuwa kaɗan-kaɗan. Amma wa zai yarda da abin da take ji, alhali ita ce ta sa gishiri sau uku? Ta ba su haƙuri ta tashi.

Daga nan ta yi dabara irin ta wanda ya daina yarda da kansa. Ta ɗauki gawayi ta ja layi ɗaya a bango, bayan ƙyauren ɗakinta, ta rubuta sunan Colette a sama. Kullum da safe in ta ga sunan da layin, sai ta gane, ta ƙara wani. Layuka sun kai biyar lokacin da Hélène ta shigo shara ta gani. Ta kwaɓo jar ƙasa ta shafe bangon tas, har ta yi wa ɗakin kwalliya da zanen yatsa. Da Agathe ta shigo ta ga ɗaki ya yi kyau, godiya ta yi mata.

Lahadi ma ta fita daga hannunta. Sau ɗaya aka kai ta majami'a bayan ragon godiya. Tana ganin Mompera ya fito cikin doguwar farar riga, ɗakin Yamai ya dawo mata gaba ɗaya, warin magani, ƙarfen gado, mutane masu fararen kaya suna danne ta. Ta ƙwalla ƙara tana roƙon a kwance mata hannu, alhali ba wanda ya taɓa ta. Washegari magana ta gama gari. Tun daga nan in za su tafi addu'a, Félix yakan ja ƙyauren ɗaki ya sa kwaɗo, ya ce wa masu tambaya madam tana hutawa. Ita kuwa tana ciki tana jin ƙararrawa, tana rera waƙoƙin ita kaɗai, ba ta kuskure ko baiti ɗaya.

Ta rame. Ta daina kitso. Tana iya yini a gindin rumbu da zanen goyo a cinya, zuciyarta cike da baƙin cikin da ba ta san sunansa ba. Abin da ya faru yakan gudu ya bar ta, amma zafinsa ba ya gudu. Wani lokaci haushi ya taso mata ba gaira ba dalili, ta yi jifa da ludayi, Hélène ta tafa hannu ta ce, "To, ka gani ko? Wagga za a ba goyo?"

Hure ce kaɗai ta kasa haɗiye abin. Kullum ta sauke ƙwarya sai Agathe ta tare ta da murna, ta ce, "Hure, kin ji an kai Colette yaye jiya?" Hélène ta riga ta ja mata kunne: ta ce eh, ko ta nemi wani gidan da za ta kai nononta. Wata rana Hure ta tare Félix a zaure.

"Metir, wanga abu ba shi da kyau. Ku gaya mata gaskiya mana."

"Hure, ke ba ki gane ba," in ji shi, da muryarsa ta koyar da yara. "Tausayi ne. In mun gaya mata yau, ta yini tana kuka. Gobe ta mance, mu sake gaya mata, ta sake kuka. Kullum sabon makoki ke nan. Yanzu kuwa hankalinta kwance, tana jiran kwana bakwai."

"To ku maido ɗiyar mana, kukan ya ƙare."

"A sake barin ta bakin rijiya?"

"Ba ga Hélène ba?"

"Hélène hannu biyu gare ta," in ji Félix, ya ɗauki kekensa ya fita.

Agathe tana bayan danga, ta ji wannan magana tun daga farko har ƙarshe. Gabanta ya faɗi, ta nufi ɗaki da sauri don ta ja layi a bango, ta rubuta wani abu, ko me. Hélène ta kira ta ta zo ta kama mata tankaɗe. Kafin su gama, abin da ya rage mata faɗuwar gaban ce kawai.

Aka yi noma, aka yi maimai, ruwa ya ɗauke. Ranar wata kasuwa Hélène ta tafi gaisuwar mutuwa a wata unguwa, Félix yana lakkol. Hure ta shigo ta tarar da Agathe ita kaɗai.

"Hure, kin ji an kai Colette yaye jiya?"

Hure ta sauke ƙwaryar a hankali. Ta kama hannun Agathe, ta ja ta zuwa bayan gida, inda dangar kara ta ɓalle, ta buɗa da hannu.

"Leƙa. Mi kika gani?"

"Hatsi. Ya nuna, har ana yanka."

"To ki saurare ni da kyau, matar Metir. Ranar da aka tahi da Colette, ranar aka yi ruwan shuka. Da idona na ga an sa ta a mota, ina tahe cikin laka, maza na wucewa da sungumi a kafaɗa. Wanga hatsi da kike gani, ranar ko cikin ƙasa bai shiga ba."

Agathe 'yar manoma ce, ba sai an yi mata lissafi ba. Ta dubi zangarniyar da ta fi ta tsawo, ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta yi kuka ba tukuna, tsoro ne ya riga kukan zuwa.

"Zan mance, Hure. Wallahi kafin la'asar zan mance. Su ce mani jiya, in ce to."

"Ba ki iya rubutu ba?"

Agathe ta tashi da gudu ta shiga ɗakin Félix. A kan tebur akwai kwalbar tawadar lakkol, mai ruwan shuni, da alƙalamin ƙarfe. Takarda za a iya ɗaukewa, bango an shafe. Sai ta shimfiɗa farin zanen goyon, abin da hannunta ke fara ɗauka kowace safiya, ta rubuta da manyan baƙaƙe, tawadar tana malala cikin zare: Colette tana Dumega tun shuka. Yanzu kaka ce. Ƙarya suke yi maki. Ki tahi.

Hure ta bar ƙwaryar nononta a nan, ta raka ta tasha, ta damƙa ta ga Tukur direba, mai kai 'yan kasuwa kudu. Ta ce masa ya sauke ta Dumega, ya sa a nuna mata gidan Shatu uwar Metir, kada ya bari ta sauka a hanya ko ta roƙe shi. Tukur ya ce ta hau.

Hanyar rairayi ce, motar tana tafiya tana nishi. Sau biyu Agathe ta ɗago kai ta ga kanta a tsakiyar buhunan gishiri da baƙin fuskoki, ba ta san inda za ta ba. Sau biyu ta buɗe zanen da ke cinyarta ta karanta rubutun hannunta, labarin ya sake dukan ta sabo fil. Wata tsohuwa da ke kusa ta ɗauka rasuwa aka yi mata, ta riƙa ba ta haƙuri.

Da la'asar ta yi sallama a gidan Inna Shatu. Tsohuwar ba ta bi ɗanta zuwa majami'a ba, tana nan kan abin da ta gada. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, kusa da ita wata yarinya da kitso da 'yan kunne tana kora kaji da kara, tana ce masu, "Ku tahi! Ku tahi!" Colette ɗin da Agathe ta sani ba ta da gashin kitso, ba ta haɗa kalma biyu.

"Colette!"

Yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba. Agathe ta durƙusa ta buɗe hannuwa, ta sake kira. Sai yarinyar ta ga wata ramammiyar mace da tsefaffen kai tana miƙo mata hannu, ta saki karan ta ruga bayan kakarta tana tsala ihu.

"Ramatu, yi shiru, ba komi," in ji Inna Shatu, ta rufe ta da gefen zane. Sannan ta dubi Agathe sama da ƙasa. "Wa ya kawo ki?"

"Inna, na zo ɗaukar ɗiyata. Yaye ya ƙare."

"Ni ba yaye aka ce mani ba. Hélène ta aiko cewa doguwa ta hau kanki, kin nemi jefa ɗiyar a rijiya. Aka ce in riƙe ta, na riƙe. Sunan nan naku ma bakina ba ya iya shi, na sa mata nawa."

"Ban jefa ta ba, Inna." Amma Agathe ba ta tuna komai game da wata rijiya ba. "Ban sani ba. Amma ba zan jefa ta ba. Ki dube ni."

Tsohuwar ta dube ta. Ta ga mahaukata a rayuwarta, ta ga waɗanda iska ta hau, wannan kuwa ba ta yi kama da ko ɗaya ba. Ta miƙa mata ruwa, ta ce ta zauna can nesa kaɗan kada ta firgita yarinyar. Agathe ta zauna a bakin rumbu. Da ta rasa abin yi sai ta fara rera wata waƙar majami'a da take yi wa Colette lokacin goyo, a hankali, ba ta kallon kowa. Ihun ya tsaya. Can sai ga ido ɗaya ya leƙo daga bayan zanen kaka. Kafin rana ta faɗi yarinyar ta matso har ta taɓa yatsan ƙafarta, ta gudu, ta sake dawowa.

Da gari ya waye Agathe ta fito daga ɗakin da aka sauke ta, zanen goyo a hannu, tana waige-waige a gidan da ba ta gane ba.

"Ina Colette?"

"Ga ta nan gabanki," in ji Inna Shatu.

Ga ta kuwa, zaune a tabarma da ƙoƙon kunu, duk ta ɓata baki. Agathe ta zauna kusa da ita. Yarinyar ta dube ta, ta dube ta, sannan ta miƙa mata ludayin. Agathe ta sha, ta yi dariya, dariyar da rabonta da ita tun kafin Yamai. Ba ta jefar da komai ba ranar, ba ta yi kukan banza ba. Ta share gida, ta wanke wa yarinyar fuska, tsohuwar tana kallon su ta wutsiyar ido.

Da hantsi ya yi sai ga ƙarar babur. Félix ne, ya aro na mishan, ya yi fari fat da rairayi. Ya gaida uwarsa a gurguje, ya juya ga matarsa.

"Agathe, kin san abin da kika ja mani? Gari duk ya ɗauka matar Metir ta shiga duniya. Tashi mu tahi."

Ta rungume Colette, yarinyar kuma ba ta ƙi ba. "Metir, ka bar ni nan. Zan yi wa Inna daka, zan yi shara. Ba sai na goya ta ba in kuna tsoro. In dai in buɗe ido in gan ta."

"Ka bar ta," in ji Inna Shatu. "Ni na ga abin da na gani. Mantuwa ce ke damun ta, mantuwa kuwa ni ma ina yi. Ina nan, idona biyu, ba inda za su."

"Inna, ba ki san yadda abin yake ba. In na bar ta nan, wata bai ƙarewa sai an kira masu goge an yi mata girka. A ce matar malamin lakkol, Kirista, tana birgima gaban 'yan bori? Da wane baki zan yi wa Mompera bayani?"

"Ni na ce maka zan kira su?"

"Ko ba ki kira ba, za a ce kin kira."

"To ka tahi da su su biyu."

"Hélène ta ce in ɗiyar ta dawo, ita ta bar gidan. Wa zai dafa mani? Wa zai tsare wagga in ina lakkol?"

Kowace ƙofa aka buɗe masa, yana da abin toshe ta. Ya durƙusa gaban Agathe, ya sassauta murya, irin yadda yake yi tun suna saurayi da budurwa. Ya ce babur ba ya ɗaukar mutum uku a wannan rairayi. Ya ce ta bi shi yau, gobe-goben nan Tukur zai kawo Inna da Colette, ya rantse da Allah. Ya ɓamɓare yatsunta daga jikin yarinyar ɗaya bayan ɗaya. Da ya miƙe, ya matsa kusa da uwarsa ya yi ƙasa da murya, amma Agathe ta ji shi sarai.

"Ki ƙyale ta, Inna. Kafin mu kai Dutsi ta mance."

Inna Shatu ta juya masa baya, ba ta amsa sallamarsa ba. Amma ɗanta ne, mijin matar ne, uban ɗiyar ne. Ba ta tare ƙofa ba. Agathe ta hau bayan babur ta ƙanƙame zanen goyon a ƙirji, tana maimaitawa a ranta, ba zan mance ba, ba zan mance ba. Colette ta biyo su har bakin zaure da ludayi a hannu, da babur ya tashi ta fashe da kuka. Ko ƙarar ce ta tsorata ta, ko wani abu ne, ba wanda ya tsaya ya tambaya.

Félix ya san matarsa. Kafin duwatsun garin su bayyana ta daina maimaitawa, tana dai riƙe da zanen gam. A gida ya karɓa ya buɗe, ya karanta, ya miƙa wa Hélène. Ya kulle tawadarsa a akwati. Aka aika wa Hure kada ta sake taka gidan, aka gyara dangar baya da sabon kara.

Har yau in ka tambayi waɗanda suka san gidan, za su ce maka Metir ya yi ƙoƙari. Bai sake ta ba, bai kai ta gidan mahaukata ba, ci da sha ba ta rasa ba. Haka ne. Likitocin Yamai sun yi kwana ashirin da uku suna kokawa da mutuwa a kanta, suka ƙwato ta, suka miƙa wa danginta da 'yar takarda da ba ta fi tafin hannu ba. Ciwo ya ɗauke mata jiya, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma mutanen gidanta ne suka gano cewa wanda ba ya riƙe jiya ana iya yi masa komai, a sake yi masa gobe, ba mai kai ƙara, ba mai shaida. Suka ɗauki raunin da aka ce su lallaɓa suka mai da shi abin aiki, suka sa masa suna tausayi. Wannan kam ba baƙon dauro ne ya yi shi ba.

Washegari Agathe ta fito tana laluben abin da hannunta ya saba ɗauka, ba ta same shi ba. Ƙugunta yana ciwo, ga rairayi a gashinta, ga wani nauyi a ƙirji kamar an yi mata rasuwa. Ta leƙa bayan rumbu, ta leƙa madafa.

"Yaya, ina Colette?"

"An kai ta yaye Dumega, wurin Inna."

"Yaushe?"

"Jiya-jiyan nan. Kwana bakwai a maido maki ita." Hélène ta turo mata kwano da ƙafa. Zanen goyon yana ciki, ya jiƙa tun asuba, ruwan ya zama shuni, baƙaƙen sun narke sun zama dabbare-dabbare. "Tawadar Metir ta zube a kai. Ga sabulu nan."

Agathe ta ɗago zanen ta duba. Akwai wani abu kamar rubutu a gefe, ta ƙura masa ido, bai karantu ba.

"Kai, wanga ɓarna," in ji ta. "Bari in wanke shi da kyau, kada ta dawo ta tarar ba abin goya ta."

Ta durƙusa ta sa sabulu, ta dirje shi da ƙarfinta duka, ta ɗauraye sau uku. Ruwan shunin ya bi ta rariya ya fita waje. Ta shanya zanen a kan sabuwar danga, fari tas, ta koma gindin rumbu ta zauna tana jiran kwana bakwai.